Mutum ɗaya, jita takwas: daga garejin Les Paul zuwa fiyanon Kano

A shekarar 1948 kamfanin Capitol na Amurka ya fitar da wani faifai mai suna 'Lover' wanda ya ɗaure wa makaɗa kai. Jita takwas ake ji a ciki, amma mutum ɗaya ne ya kaɗa su duka, wato Les Paul, kuma a garejin gidansa da ke Hollywood ya yi aikin.

Dabarar ita ce: ya kaɗa ya ɗauka a faifai, sai ya kunna faifan yana saurare, ya kaɗa wani abin a kai yadda ya zo masa a zuci, na'ura ta biyu na kwashe su tare. Haka, haka, har sau takwas. Wasu ma a rabin gudu ya ɗauke su, shi ya sa da aka kunna sai jitar ta riƙa tsere kamar ba yatsun ɗan'adam ba.

Daga baya abokinsa Bing Crosby ya ba shi na'urar tef ta Ampex, ya yi mata 'yan gyare-gyare. To amma fa akwai kasada. Duk sabon kiɗan da ya ɗora, tef ɗin na shafe na baya ne ya maye shi da haɗaɗɗen. In ka kuskure a hawa na goma, shi kenan, an koma farko. A haka shi da matarsa Mary Ford suka yi 'How High the Moon' a 1951, ita ce mai waƙa ita ce 'yan amshin kanta, waƙar ta yi mako tara tana ta ɗaya a Amurka. Ni a ganina wannan fargabar ce ta sa kiɗan nasu ke da rai.

Talaka bai samu shiga ba sai 1979, da Tascam ta fito da Portastudio mai layi huɗu a kan kaset na yau da kullum. Da irinta Bruce Springsteen ya ɗauki waƙoƙin 'Nebraska' a ɗakin kwanansa a 1982, da nufin gwaji kawai. Da ya kai wa makaɗansa suka sake yi a babban sutudiyo, sai armashin ya gudu. Kaset ɗin gidan aka fitar.

Mu a nan, abin ya iso mana ne ta fiyanon Yamaha, musamman bayan tashen fim ɗin 'Sangaya' na 1999. Yaro ɗaya a ɗan shago zai sa ganga, ya ɗora sarewa, ya bi da goge, furodusa ya biya kuɗin mutum guda. Mai kalangu da mai kukuma, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, ba wanda ya aika a kira su. Da kwamfuta ta shigo kuwa, ko kuskuren ma an daina tsoronsa, maɓalli ɗaya ake dannawa a goge.