Gadar Lugga: Daga Zungeru Zuwa Ƙofar Gamji

Mutumin Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa da ya bi ta Funtuwa da Zariya ya sauka Kaduna, manyan gadojin da ke kan kogin garin su ne ke ɗaukar idonsa. Amma wadda ta girme su duka ba mota ce ke hawanta ba. Tana can cikin lambun shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, wanda aka fi sani da Ƙofar Gamji, a gaɓar Kogin Kaduna. Gadar ƙafa ce, kuma ba a nan aka fara kafa ta ba.

A shekarar 1902 Gwamna Lugga ya tashi daga Jebba ya mai da hedikwatar mulkin Arewa Zungeru, cikin Jihar Neja ta yau. Lokacin hedikwatar tana wannan gari ne aka ci Kano da Sakkwato a 1903, Katsina ta yi mubaya'a ba tare da yaƙi ba, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Shekara guda bayan haka, a 1904, aka ɗora wannan gada a kan rafin Dago domin ta haɗa gidan Gwamna da sauran unguwannin ma'aikata.

Fasalinta ba shi da wani ƙawa. Tsawonta kimanin mita 14 ne, faɗinta bai cika mita 2 ba, iyakar mutum biyu su gifta juna. Gangar jikinta ƙarfe ce, an shimfiɗa katako wurin takawa, an yi mata madafa a gefe biyu da ragar waya don kada wani ya zame. Hikimar tana wajen haɗin: gunduwa-gunduwa aka ƙero ƙarafan a Turai, aka zo nan aka ɗaure su. Dole ce ta sa haka. A wancan zamani kayan gwamnati ta ruwa suke hawowa, su bi Kogin Kwara su shiga Kogin Kaduna, sannan ƙaramin jirgin ƙasan da ya ratsa Wushishi ya ƙarasa da su Zungeru. Abin da ba ya rabuwa ba ya isowa. Wannan haɗin ne kuma ya ba da damar kwance ta bayan an mai da hedikwata Kaduna a 1917, unguwar gwamnati ta Zungeru ta koma kufai, aka sake ɗaure ta a lambun da take yanzu. A 1956 hukumar kula da kayan tarihi ta sa ta cikin jerin abubuwan tarihi na ƙasa, jerin da Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma ke ciki.

Ga Bakatsine akwai wani zare da ya cancanci a bi. Gwamnatin da ke zaune a Zungeru ita ce ta naɗa Muhammadu Dikko Sarkin Katsina a 1906. Jikansa, Hassan ɗan Sarki Usman Nagogo, shi ya zama Gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, kuma sunansa ne ke kan lambun da gadar take. Shekara 60 ke nan tsakanin kaka da jika, duk wannan ƙarfe ya gan su.

A ganina kuskure ne a riƙa nuna wa yara ita a matsayin alherin da Bature ya yi mana. Ba don manomi ko mai jaki aka yi ta ba, don Gwamna da ma'aikatansa ne, yayin da talakan ƙasar Katsina ke tsayawa bakin gulbi da damina yana jiran ruwa ya janye. Kuskure ne kuma a bar ta ta lalace don ƙin wanda ya kawo ta. Shaida ce, kuma al'umma ba ta zubar da shaidarta, mai daɗi ko mai ɗaci.

Ƙarfe da katako ba sa jure damina sai da kulawa: fenti a kan lokaci, sauya katakon da ya ruɓe, da allo mai bayani da Hausa. Wannan aikin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne da Gwamnatin Jihar Kaduna. Malaman makarantunmu na kudancin Katsina kuwa, duk sa'ad da aka shirya kai ɗalibai Kaduna, a sa Ƙofar Gamji cikin wuraren da za a tsaya, a kuma ba su labarin Zungeru tun daga 1902.