Tarihin Layin Nan Mai Cewa "Ka Jira": Yaushe Git Ke Nuna Shi?

Duk mai amfani da Termux ya san lambobin da ke gudu daga 1% zuwa 100% idan ya rubuta git clone. Abin yana da tarihi.

A 1985 wani ɗalibi a Jami'ar Toronto ta Kanada, Brad Myers, ya gwada mutane a kan kwamfuta, da layin jira da kuma babu shi. Kashi 86 cikin ɗari suka ce sun fi son ganin layin. A 1993 Jakob Nielsen ya yaɗa wata ƙa'ida: aikin da bai wuce daƙiƙa 1 ba, hankalin mutum ba ya barin wurin, amma in ya haura daƙiƙa 10, dole a nuna masa inda aka kai.

Shi kuwa Git, Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro shi a Afrilun 2005, bayan an janye wa masu haɗa Linux damar amfani da BitKeeper kyauta. Aikinsa adana kowane canji da aka yi wa manhaja. Da yake fayilolin Linux dubbai ne, jira ya zama dole. A 2007 Nicolas Pitre ya rubuta ɓangaren da ke nuna ci gaban aiki.

To amma ba kullum ake nunawa ba. A wasu ayyukan Git kan yi shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu tukuna, in ya gama kafin nan, ba ya cika maka allo. Kuma in ba kan allo sakamakon ke fita ba, misali an tura shi cikin fayil, shiru yake yi sai ka ƙara --progress. In kai ne ba ka so, --quiet. A 2020, Git 2.25 ya zo da GIT_PROGRESS_DELAY don ka zaɓi tsawon jinkirin da kanka.

Darasin ya shafi wayarka. Allo shiru shi ke sa mutum ya ɗauka abu ya maƙale, ya zare kebul. A Git da sauƙi, asarar data ce kawai, ka sake daga farko. Amma ana tsakiyar yi wa waya filashin ko sabunta Android ka zare, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ko layin ya tsaya a 99%, ka yi haƙuri, ka tabbatar akwai caji.

Ku tura wa wasu su amfana.