Boko ba "book" ba ne: tarihin kalmomin da suka yi kama da juna

Wanda ya fito daga Ƙauyen Alu da safe, ya biyo ta tashar Unguwa Uku, ya miƙe titin Zariya zuwa Gyadi-Gyadi, kafin ya kai ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano ya ji harsuna huɗu a bakin mutanen da suke ganin Hausa zalla suke yi. Ɗan kamasho yana kiran fasinja, direba yana neman canji. Wannan duk Turanci ne, har da ita kanta tashar da asibitin. Keke da agogo da ashana daga Yarbawa muka karɓo su. Albasa da sabulu da lemo na Larabawa ne. Kasuwar Tarauni kuwa, in aka bi asalin kalmar "kasuwa", sai an ratsa ta Borno.

Babu mai gardama a kan waɗannan. Rigima tana tashi ne a kan kalmar da ta yi kama da ta wani harshe alhali babu abin da ya haɗa su, kuma babu wadda aka yi wa ƙazafi irin "boko".

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Mutane suka kira wannan sabon karatu da rubutu boko. Daga baya wasu suka dubi kalmar, suka ga ta yi kama da "book", wato littafi a Turanci, suka yanke hukunci cewa daga can ta fito. Maganar ta shiga ƙamusoshi, malamai suka koyar da ita a aji, kuma bayan 2009, da sunan Boko Haram ya cika duniya, jaridun Ingila da Amurka suka yi ta maimaita ta.

Tun 1968 wani masani Bahaushe, Liman Muhammad, ya rubuta cewa ba haka ba ne, amma ba a saurare shi ba. Sai a 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya taɓa shugabantar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a nan Kano, ya tono maganar ya kafa mata hujjoji. Hujjojin nan kuwa suna bakin kowace tsohuwa a Tarauni. Amaryar boko ita ce wadda ake lulluɓewa a fito da ita a idon jama'a, alhali ta gaskiyar an bi da ita ta wata hanya. Biri-boko shi ne abin da ya cika ido amma babu komai a cikinsa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya jero wa boko ma'anoni na algus da yaudara da abin da ba na ainihi ba. Wace amarya ce ta jira Bature ya kawo littafi kafin a sa mata suna?

Sauti ma ya ƙi yarda. Da Bahaushe ya ari "cook" cewa ya yi kuku, bai ce koko ba. Da ya ari "book", buku za mu ji. Kuma me zai kai shi aron? Garin da Shehu Maghili ya zauna ya yi wa Sarki Muhammadu Rumfa rubutu a ƙarni na 15 ba ya neman wanda zai koya masa sunan littafi.

Wannan gyara ya fi ƙarfin a ce gardamar masana ce. Kalmar boko hukunci ce da kakanninmu suka yanke a kan makarantar wanda ya ci su da yaƙi: sun ɗauke ta jabun ilimi, mai kamar karatu amma ba shi ba. Ko mun yarda da hukuncin ko ba mu yarda ba, tarihinmu ne, kuma mai cewa "book" ce ya shafe shi. A ganina, wanda yake son shawo kan uban da har yau yake ɗari-ɗari da makaranta ya kamata ya san cewa tsoron yaudara aka gada, ba ƙin littafi ba.

Abin sha'awa, dangin gaskiya sau da yawa ba sa kama da juna. Littafi daga "al-kitab" yake, ɗan'uwan "kitabu" na Sawahili. Yadda aka tabbatar shi ne canjin ba sau ɗaya ya faru ba: "b" ta ƙarshe ta koma "f" a littafi, ta koma a laifi daga "al-aib", ta koma a aljifu daga "al-jaib". Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna a 1960 cewa kasuwa ita ce "suƙ" ta Larabci, amma sai da ta zama "kasugu" a bakin Barebari kafin ta iso mu, kuma karatu da rubutu ma ta hannunsu suka biyo. Alƙalinmu da "alcalde", magajin gari a Sifaniya, duk 'ya'yan "al-ƙadi" ne. Sukari da suga kuwa kalma ɗaya ce 'yar asalin Indiya da ta shigo mana sau biyu, da farko da ayarin Sahara, daga baya da jirgin Turawa.

Akwai kuma kamar da ba aro ba ce, gado ce. Mutu da "mata" na Larabci, me da "ma", da "ta" ɗin mace da ke cikin harsunan biyu, ba Musulunci ne ya kawo su ba. Hausa da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da na tsohuwar Masar iyali ɗaya ne da suka rabu dubban shekaru da suka wuce. Huɗu ɗinmu tana da 'yar'uwa a rubutun Fir'aunoni.

Sauran duk dace ne. Mata a Indonesiya ido ne. Kaka a Sawahili yaya ne. A Japan akwai masu sunan Kano, cikinsu har da wanda ya ƙirƙiro wasan judo, kuma babu abin da ya haɗa su da Dala. Sautukan bakin ɗan'adam kaɗan ne, kalmomi kuwa dubbai, dole wasu su yi karo. Kama da wane ba ta wane. A nan nake ajiye masu cewa Hausa daga Habasha take, da masu cewa daga "hau sa" ne: labari ne mai daɗi, amma babu tsarin sauti ko hanyar tarihi da ta goya masa baya.

Abin da ya rage shi ne yawancin wannan bincike da Turanci aka rubuta shi, har da ƙamusun kwatance na Neil Skinner na 1996. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006. Muna roƙonta ta bi shi da na asalin kalmomi, da Hausa, wanda malamin firamare a Ƙauyen Alu zai iya saya ya karanta wa ɗalibansa.