Gyaɗar Kano da Kamfanonin Turawa

Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, ba gyaɗa ce a zukatan Turawan da suka shimfiɗa ta ba, auduga ce, domin masaƙun Ingila suna da matuƙar bukatarta, an kuwa tabbatar musu cewa ƙasar Hausa za ta wadatar da su. Amma manomi, wanda ba a nemi shawararsa ba, sai ya yi nasa lissafi: masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, alhali gyaɗa tana son jigawa, tana biyan haraji, in kuma kasuwa ta faɗi a soya ta, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, harawar a zuba wa dabbobi. Tun kakar 1912 buhuna suka cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa.

Kamfanin Neja da John Holt da takwarorinsu na Faransa, irin su CFAO, su ne ke da jari da sikeli da hanyar teku, farashi ma daga kasuwannin Turai ake aiko musu da shi ta waya. Sai dai duk da wannan iko ba su san hanyar ƙauye ba, ba su kuma san wanda za a ba amanar kuɗi ya dawo da kaya ba. Wannan ilmi yana wurin fataken goro, waɗanda suka gaji tafiyar Gwanja kaka da kakanni. Su aka ba kuɗi tun kafin kaka, su kuma suka rarraba wa yaransu, har sulalla suka kai bakin rumbun talaka. Mafi shahara cikinsu shi ne Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955.

A ganina, babban sauyi ya auku ne a 1929, lokacin da aka haɗe Kamfanin Neja da babban abokin hamayyarsa aka kafa UAC, wanda ya shiga hannun Unilever mai yin sabulu da man shafa wa burodi a lokacin. Ka ga ke nan mai saye a Kano da mai matsewa a Turai gida ɗaya ne, shi kuwa mai kaya ba shi da bakin tayi.

A 1949 gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa, ta karɓi yanke farashi, kamfanoni suka koma wakilai masu lasisi, rarar kuɗin ta koma baitulmali. Dalar gyaɗa ta ci gaba da tashi a gefen layin dogo, har farin 1973 da cutar da ta faɗa wa shuka a 1975 suka kwantar da ita.