Tarihin Mako: Yadda Indiya ta zama gida, Shaihu Umar ya zama baƙo



Mu mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, da majigi iyayenmu suka fara kallo: motar gwamnati ta kafa farin allo a fili bayan isha'i. Sinimar biya kuwa sai birni. Kano ta samu Rex tun 1937.

A shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu sinimomi suka fara kawo fina-finan Indiya. Ba ma jin yaren, amma mun gane auren dole, mun gane kunya, mun gane talaka mai son 'yar attajiri. Har laƙabi muka raba musu: Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Na Amurka dattawa suka ce babu tarbiyya, na Chana don faɗa kawai ake shiga. Kaset ya kawo Indiya gidajen kallonmu, yau kuma Algaita ta sa jarumansu suna Hausa a wayoyinmu.

To, ga inda abin ke da ciwo. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, fim da Hausa tsantsa: labarin bauta, da uwar da ta ƙetare Sahara neman ɗanta. Ya kwanta shekaru a ma'ajiya har aka gyara shi a Jamus, aka haska a bikin fina-finai na Balin a 2018. Turawa suka kalla suna bin fassara a ƙasan allo.

A cikinmu, wa ya taɓa samunsa wajen masu tura fim a kasuwar Gummi?