PSD-95

PSD-95 furotin ne da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum, a mahaɗar da ƙwayoyin jijiya ke miƙa wa juna saƙo. Yana tattara masu karɓar saƙo irin na NMDA, ya riƙe su wuri guda. Ƙwayar gado ta DLG4 ce ke samar da shi.

Mary Kennedy da abokan aikinta a Caltech, Amurka, suka gano shi a ƙwaƙwalwar ɓera a 1992. PSD-95 yana da sassa uku da ake kira PDZ. Danginsa na jikin ƙudan 'ya'yan itace, Dlg, yana taimaka wa ƙwaya ta bambance samanta da gefenta.

Masu bincike kan dasa ƙwayar gadon PSD-95 cikin bakteriyar E. coli domin samar da shi. Maganin nerinetide, da aka gwada kan masu shanyewar ɓarin jiki, yana hana shi manne wa masu karɓar saƙo na NMDA.