Nazarin matsalar shiga Bugzilla

Bugzilla, wadda Terry Weissman ya rubuta wa aikin Mozilla a 1998, tana cikin tsofaffin rumbunan da ake tara rahotannin kurakuran manhaja. Ba a shigar da rahoto a cikinta sai da asusu. Ke nan idan shiga asusun ce ta lalace, mai ƙorafi ba shi da inda zai kai kukansa, masu gyara kuma su ɗauka lafiya lau ake. Shi ya sa nake ganin wannan matsala ta fi sauran nauyi.

Tushenta yana cikin ƙa'idar HTTP, wadda ba ta tuna kowa: duk buƙatar da ta iso wa uwar garke, baƙuwa ce. Saboda haka da zarar mutum ya ba da adireshin imel da kalmar sirri, sai Bugzilla ta ajiye wa burauzarsa 'yan bayanai biyu da ake kira kuki, wato Bugzilla_login da Bugzilla_logincookie, su zame masa tikitin da zai riƙa nunawa a kowane shafi. Wanda ya shiga lami lafiya, ya latsa shafi na gaba aka sake tambayarsa kalmar sirri, to kalmarsa daidai take. Tikitin ne bai koma ba, ko kuwa ya koma aka ƙi shi.

A nan tambaya ɗaya ce ke raba gardama: kowa abin ya shafa, ko wasu? In kowa ne, a duba wajen mai kula da rumbun, musamman saitin cookiepath, wanda ke gaya wa burauza inda za ta mayar da kuki. Idan bai dace da mazaunin Bugzilla ba, burauza ba za ta aika ba. Haka kuma Bugzilla biyu a kan uwar garke ɗaya suna iya share kukin juna.

In wasu ne kawai, ko dai burauzarsu na toshe kuki, ko adireshinsu na IP ne ke canzawa. Bugzilla na da zaɓin ɗaure zaman mutum da adireshin da ya shigo da shi, don tsaro. Amma mai aiki da datar waya, wanda yanzu yana kan Wi-Fi, an jima ya koma layinsa, adireshinsa ba ya zama wuri guda. Cire alamar wannan zaɓin kan warware masa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin ce wa mutum "sake gwadawa mana". Kuskure 5 cikin minti 30 ya isa Bugzilla ta kulle asusun na ɗan lokaci, sai matsala ɗaya ta zama biyu. Mai amfani da lambar tabbatarwa ta biyu, wadda ke sauyawa duk daƙiƙa 30, gara ya fara duba agogon wayarsa, domin in ya yi gaba ko baya sosai, duk lambar da ya rubuta za a ƙi ta.